Ma'anar ERA, da yadda yake ruɗa mutane a wasannin Oktoba

ERA shi ne ma'aunin da masu bin ƙwallon besbol a Amurka suka fi auna mai jifa da shi, wato ɗan wasan da ke jefa wa masu bugu ƙwallo. Ana ɗaukar makin da aka ci shi ba tare da kuskuren abokan wasansa ba, a ninka sau 9 (yawan zagayen da ke cikin wasa ɗaya), a raba da yawan zagayen da ya yi jifa. Ƙasa da 3 gwaninta ce, sama da 5 kuwa akwai matsala.

A kaka mai wasanni 162, mai fara jifa kan fito kusan sau 30, ya tara zagaye wajen 180, don haka baƙar rana ɗaya nutsewa take yi cikin lissafi. A wasannin neman kofi na Oktoba da ƙyar yake kai zagaye 30. Wanda aka ci maki 4 a zagaye 20, ERA ɗinsa 1.80 ne. A ƙara masa zagaye ɗaya da aka zura masa maki 5, sai ya haura zuwa 3.86, a fara cewa ba shi da zuciya.

Haka aka yi ta faɗa a kan Clayton Kershaw, tsohon mai jifan Los Angeles Dodgers, wanda ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa sau 3. ERA ɗinsa na kaka wajen 2.5 ne, na Oktoba kuma ya wuce 4. Tazarar gaskiya ce, amma ɗora ta duka a kan tsoro rashin adalci ne. A Oktoba da manyan ƙungiyoyi kaɗai ake karawa. An sha fito da shi bayan hutun kwana 3 maimakon 4, aka kuma bar shi a fili har masu bugu suka fuskance shi karo na uku, lokacin da sun riga sun karanci hannunsa. Ga kuma wani abu da ake mantawa: idan ya sauka ya bar 'yan wasan abokan hamayya a kan tasha (wuraren da mai bugu ke bi da gudu kafin ya ci maki), wanda ya canje shi ya bari suka ci, wanda ya sauka ake rubuta wa makin.

Matsin lamba akwai shi, sai dai ba a ERA ake ganinsa ba. A duba ko ƙwallon tana sauka inda mai cafkewa ya nema, ko saurinta ya ragu, da mutum nawa ya bari suka wuce kyauta, wato suka tafi tashar farko saboda jifarsa ta kauce. Da wannan ido ake gane girman aikin Madison Bumgarner na San Francisco Giants a 2014: a wasa na 7 na World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofi, da Kansas City Royals ya shigo bayan hutun kwana 2 kacal, ya yi zagaye 5 ba a ci shi ko maki ɗaya ba, bai kuma bar kowa ya wuce kyauta ba.