Yarjejeniyar Minamata ba ta haramta haƙar zinare ba

Ana ta yaɗa cewa wai Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta wa ƙananan masu haƙar zinare sana'arsu, har ma wai duk wanda aka kama da zaiba, wadda suke tsamo zinare da ita daga niƙaƙƙen dutse, zai sha ɗauri a ƙarƙashin dokar duniya. Ba haka zancen yake ba. Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda aka amince da ita a Japan a Oktoban 2013 ta kuma fara aiki ranar 16 ga Agustan 2017, gwamnatoci ta ɗora wa nauyi. Babu tara ko ɗauri a cikinta ga wani mahaƙi. Idan an hukunta mutum, da dokar ƙasarsa aka hukunta shi.

Yarjejeniyar ta shafi masana'antu, tashoshin wutar kwal da masu fataucin zaiba. Sashe na 7 ne na masu zinare. Ƙasar da ta ga sana'ar ta yi yawa a cikinta za ta tsara shiri cikin shekara uku na rage amfani da zaiba, a daina gaba ɗaya inda zai yiwu. Ayyuka huɗu aka ce lallai a kawar: zuba zaiba a cikin dukkan niƙaƙƙen dutse ba tare da an fara tace shi ba, ƙona dunƙulen zaiba da zinare a fili, ƙona shi a cikin unguwa, sai zuba sayanayid, wata guba da ake narkar da zinare da ita, a kan ragowar ƙasar da aka riga aka sa wa zaiba.

Na huɗun nan ne ke rikita mutane. Wasu sun ɗauka sayanayid ɗin aka haramta. Abin da aka hana shi ne haɗa su biyun kafin a cire zaibar, kuma akwai dalili. Zaiba a siffarta ta ƙarfe mai nauyi ce, ba ta narkewa sosai a ruwa, sai ta kwanta a ƙasa. Da zarar ta gamu da sayanayid sai su haɗu su zama sinadarin da ke narkewa, ya bi ruwa har inda masu aikin ba su taɓa zuwa ba. A cikin taɓon kogi, inda iska ba ta shiga, ƙwayoyin bakteriya kan mayar da zaiba zuwa nau'in metil. Shi ne ke taruwa a jikin kifi, babba ya ci ƙarami, har ya iso ga mai juna biyu ya taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta. Wannan nau'in ne kamfanin sinadarai na Chisso ya riƙa zubarwa a gaɓar tekun garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar da gubar zaiba ke jawowa a 1956. Saboda haka idan an gwada ruwa aka ce zaibar kaɗan ce, kada hankali ya kwanta sai an san wace iri ce, an kuma gwada kifin.

Ina ganin hanin daidai ne, domin rahoton hukumar muhalli ta Majalisar na 2018 ya nuna kusan kashi 38 cikin 100 na zaibar da ɗan'adam ke saki a iska daga wannan sana'a take fitowa. Abin da ke damuna shi ne inda ake sauke fushin. Mahaƙin da ba a ba shi tukunya mai murfi da ke kama tururin zaiba ba, ba a koya masa tacewa da ruwa ba, shi ake kora, alhali yarjejeniyar ta ce shirin ƙasa ya ƙunshi shigar da masu sana'ar cikin tsarin doka da kula da lafiyarsu. Ta kuma ce ba a fitar da zaiba zuwa wata ƙasa sai da rubutaccen izininta, don haka kan iyaka da manyan dillalai ya kamata a fara dubawa.