Tara tsofaffin na'urorin zuƙe ƙura masu tsayuwa da gwada ingancinsu

Na'urar zuƙe ƙura mai tsayuwa ita ce wadda aka haɗa injinta da fankarta da buroshinta a cikin kai ɗaya mai tayoyi, aka kafa masa doguwar mariƙa ɗauke da jakar ƙura, mai shara yana tura ta gaba yana jawo ta baya a kan kafet. Ta sha bamban da mai ganga, wadda ake jan jikinta a ƙasa ana shara da bakin tiyo. Tara tsofaffin samfuranta sha'awa ce da ta fi ƙarfi a Amurka da Birtaniya, ƙasashen da aka fi shimfiɗe ɗakuna da kafet daga bango zuwa bango, kuma masu wannan sha'awa sukan gyara abin da suka tara su sa shi aiki, sannan su gwada shi da na zamani don ganin wanda ya fi fitar da datti.

Asali

A 1907 James Murray Spangler, wani mai sharar kanti a garin Kanton na jihar Ohayo wanda ƙura ke tayar masa da asma, ya haɗa ƙaramin injin lantarki da fanka da akwati da sandar tsintsiya da rigar matashin kai, ya samu na'urar da mutum ɗaya zai iya turawa. Ya sami takardar mallakar fasaha a 1908, a shekarar kuma William Hoover, mai sana'ar kayan fata, ya saye ta ya fara fitar da samfurin Model O. Kamfanin Eureka ya biyo baya a Ditiroit a 1909. A 1926 Hoover ya ƙara sandunan ƙarfe a jikin buroshi mai juyawa, waɗanda ke bugun kafet kamar yadda ake kaɗe darduma da sanda, kuma wannan dabara ce ta riƙe kamfanin shekaru da dama. A Birtaniya sunan ya bazu har ya zama kalmar da ake kiran aikin sharar kansa da ita, ko da na'urar ta wani kamfani ce.

Abin da masu tarawa ke nema

Samfuran da aka fi daraja sun haɗa da Model 150 na Hoover, wanda Henry Dreyfuss ya zana siffarsa a tsakiyar shekarun 1930, da Hoover Junior da aka ƙera don ƙananan gidajen Birtaniya tun 1935, da Convertible da ta fito a 1957 aka ci gaba da yin ta fiye da shekara 30. Samfuran kamfanonin Kirby da Royal, duka daga birnin Kilibland, suna da nasu masoya saboda jikinsu na alminiyam ne, wanda idan aka goge shi yakan dawo da ƙyallinsa. Darajar na'ura tana ƙaruwa idan tana tare da jakarta ta asali da kayan haɗinta da ɗan littafin bayaninta, domin jakar yadi ce ke fara lalacewa kuma ita ce mafi wuyar samu. Tsohon gidan iyalin Hoover da ke Kanton ta Arewa ya zama gidan tarihi, inda ake baje samfuran farko.

Hanyar iska

Duk muhawarar inganci tana komawa ga hanyar da iska ke bi a cikin na'ura. A yawancin tsofaffi, ƙura tana shiga ta baki, ta ratsa fanka kai tsaye, fanka ta hura ta cikin jaka. Hanyar gajera ce mai faɗi, fankar tana dab da kafet, saboda haka iska mai yawa ke wucewa ko da injin ƙarami ne. Illarsa ita ce tsakuwa ko ƙusa ko sulalla na iya fasa fanka, kuma idan aka jona tiyo zuƙar ba ta da ƙarfi. A ɗaya tsarin, wanda Dial-A-Matic ta Hoover ta yaɗa daga 1963, iska tana fara bi ta jaka, sai bayan an tace ta take isa fanka. Wannan yana kare fanka kuma yana ƙarfafa zuƙa ta tiyo, amma hanyar ta yi tsawo da lanƙwasa, don haka ake buƙatar inji mafi cin wuta. Na'urori marasa jaka, irin DC01 ta Dyson da ta fito a 1993, a kan wannan tsari na biyu suke.

Wannan ne ya sa yawan wat da aka rubuta a jikin na'ura ba ya nuna iyawarta, wutar da take ci kawai yake nunawa. Tsohuwa mai cin wat ɗari uku ko huɗu tana iya fitar da yashi daga kafet fiye da sabuwa mai cin ninki uku na haka. Tarayyar Turai ta taƙaita ƙarfin sababbin na'urori zuwa wat 1,600 a 2014, sannan 900 a 2017, matakin da har yanzu bai sauko zuwa abin da Junior ke ci ba.

Yadda ake gwaji

Abubuwa biyu ake aunawa da kayan awo. Na farko shi ne yawan iskar da ke ratsawa, wanda ake lissafawa da CFM (ƙafa kubik nawa na iska ke wucewa a minti ɗaya) a Amurka, da lita a daƙiƙa a Turai. Na biyu shi ne ƙarfin zuƙa idan an toshe baki, wato tsawon da na'ura za ta iya ɗaga ruwa a cikin bututu. Masu fanka kai tsaye sukan yi zarra a na farko su gaza a na biyu, kuma a kan kafet na farkon ya fi muhimmanci, tunda iska mai gudu ce ke ɗauke abin da buroshi ya tono. Akwai na uku da ba shi da lamba mai sauƙi, wato girgizar da buroshi ke yi wa kafet. Masu tarawa sukan barbaɗa yashi kusa da bakin na'ura su duba ko ƙwayoyinsa suna tsalle kafin ta iso kansu.

Gwajin masana'antu, irin ma'aunin ASTM F608 na hukumar tsara ma'aunai ta ASTM, yana da tsauri. Ana auna nauyin cakuɗen yashi da hoda, a danna shi cikin kafet da abin murji mai nauyi, a bi ta kai sau adadin da aka ƙayyade da saurin da aka ƙayyade, sannan a auna abin da aka kwaso. Gwajin gida ba kasafai yake kai wannan ba. Shinkafa ko gutsuttsarin takarda da aka watsa a saman kafet kusan kowace na'ura tana kwashe su, alhali dattin da ke cinye kafet shi ne yashin da ya nutse a gindin zare yana yanka shi. Mafi ruɗarwa ita ce dabarar da dillalai masu bi gida-gida suka daɗe suna yi: a share wuri da na'urar mai gida, a sake bi da tasu, a nuna dattin da ta samo. Kafet ba ya taɓa rasa saura, don haka wadda ta zo ta biyu kullum za ta samu wani abu, kuma sakamakon ba ya da ma'ana sai an juya jerin a wani wurin an kwatanta.

Yanayin na'urar ma yana sauya sakamako ƙwarai. Bel da ya saki yana rage gudun buroshi, gashin buroshi da ya cinye ba ya taɓa kafet, jakar yadi da ƙura ta toshe ƙofofinta tana shaƙe iska, kuma idan ba a daidaita tsayin kai da kaurin kafet ba, ko dai bakin ya manne ko ya yi nisa. Gwada na'ura mai shekara 60 da ba a gyara ba da sabuwa fil auna tsufan bel ne kawai.

Inda tsofaffin ke faɗuwa babu gardama shi ne tace iska. Jakar yadi tana barin ƙura mai laushi ta koma ɗaki, yayin da ma'aunin HEPA na Amurka, wato ma'aunin matatun iska masu inganci, ke buƙatar kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Wasu masu tarawa sukan saka jakar zamani a cikin ta asali don rage wannan.

Gyara da kariya

Gyara yakan ƙunshi wanke boris da sa masa mai, da sauya gawayin inji (ƙananan sandunan kabon da ke kai wa injin wuta), da maye gurbin wayar da robarta ta bushe ta tsattsage. Na'urori da yawa masu jikin ƙarfe an yi su ne ba tare da wayar da ke kai wuta ƙasa ba, don haka ana duba rufin wayoyinsu kafin a jona su. Samfurin Amurka an yi shi don bolt 120, kuma jona shi a wutar bolt 230 ba tare da taransifoma ba yana ƙona injin.