Ciwon waswasi da zuciyar da ta ƙi kwanciya: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Ba son tsafta ba ne kawai?

A'a. Mai son tsafta yana wanke hannu ya tafi harkarsa. Mai ciwon OCD, wato ciwon waswasin da ke cusa wa mutum tunanin da ba ya so ya kuma sa shi maimaita wani aiki, yana wankewa har fata ta tsattsage, hankalinsa bai kwanta ba.

To ya daina tunanin mana?

Da ana iyawa ai da ba a kira shi ciwo ba. A 1987 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner, a wani gwaji, ya hana mutane tuna farin beyar, daga baya tunanin ya ƙara dawo musu.

Tsoro ne kaɗai ke damunsu?

Har da ƙyama, da jin laifi, da jin cewa abu bai zauna daidai ba. Mutum yana ganin ba zai iya jure abin da yake ji ba, sai ya sake duba ƙofa. Sauƙin da ya samu na ɗan lokaci shi ke koya wa ƙwaƙwalwa ta sake nema.

Ƙanena kullum sai ya tambaye ni, "Yaya, ka tabbata na kashe murhu?" In amsa ko in ƙi?

Nan ne wuyar. Amsarka tana yi masa aikin da dubawar ke yi: ya samu natsuwa yanzu, anjima ya dawo. Amma kada ka wayi gari ka rufe baki gaba ɗaya, musamman in kun daɗe a haka. Yana iya firgita ko ya fusata, gida ya rikice. Abin da ya fi dacewa, galibi, ku yi yarjejeniya lokacin da yake cikin natsuwa, in so samu ne tare da likitansa, a riƙa rage amsar kaɗan-kaɗan. Idan ya tambaya, ka ce, "Na ga abin yana cinka, ina nan tare da kai," ba tare da ka tabbatar masa da maganar murhun ba. Damuwar takan hau, ta kuma sauka da kanta, ko da yake wata rana ba za ta sauka da wuri ba. In kuma ya fara maganar kashe kansa, ajiye duk wannan, a kai shi asibiti. Kuma don Allah a daina yi masa tsawa.

Akwai magani?

Akwai. Horon fuskantar abin tsoro ba tare da maimaita aikin ba, wanda masanin halayyar ɗan Adam Victor Meyer ya fara a 1966, da ƙwayoyi irin su fluoxetine da sertraline. Sukan ɗauki mako 8 zuwa 12, kada ka watsar bayan mako biyu ka ce ba sa aiki.

Ina tunanin cutar da wanda nake so. Zan aikata?

Irin wannan tunani na zuwa wa yawancin mutane, kuma yana firgita ka ne don ya saba wa halinka. Je ka ga likitan ƙwaƙwalwa. In ka sake tambayata, ba zan amsa ba.