Izinin gini a Kano: mudu ɗaya ake auna wa kowa?

Me ake dubawa idan an kai zanen gida?

A Kano, hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke sa hannu. Tana duba tazarar gini daga titi da katangar maƙwabci, hawa nawa benen zai yi, ina ruwan lambatu zai bi, ko tagar sama za ta leƙa tsakar gidan wani. Wanda ya yi gini babu izini yakan wayi gari ya ga jan fenti a bangonsa.

To ina rashin adalcin yake shigowa?

Abin da ake aunawa da tef ba ya jawo gardama sosai: mita uku mita uku ce, ko gidan attajiri ko na lebura. Rigimar tana wajen ƙa'idar da aka bar wa idon jami'i, irin a ce gini "bai dace da unguwa ba". Wa ya san dacewa? Mai hali zai ɗauki ƙwararren mai zane, ya gyara sau biyar ya dawo. Wanda ya sayi awon igiya a bayan gari, yana tara bulo ɗari-ɗari, kowane dawowa kuɗin siminti ne ya tafi. A ganina, duk sharaɗin da ba za a iya rubuta shi da lamba ba, sai an rubuta wa mai gini dalilin ƙin amincewa.

Doka ɗaya ce a faɗin Najeriya?

An yi dokar tsara birane ta tarayya a 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Legas ta shigar, ta ce wannan hurumin jihohi ne, ban da Abuja.

Ashe bai kamata a yi wa kowace unguwa ƙa'ida ɗaya ba?

Tazarar da ta yi daidai a Nasarawa GRA, in aka kai ta lungunan cikin ganuwa, inda gida ke jingine da gida, zaure kuma a bakin hanya, rabin filin mutum ta cinye. Bambancin unguwa da unguwa ba laifi ba ne, muddin a rubuce yake, kuma an san shi tun kafin a haƙa tushe.

Idan an rushe fa?

Kotu na nan. 'Yan kasuwar Filin Idi da aka rushe wa shaguna a 2023 sun kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya a Kano ta yanke musu diyyar naira biliyan 30.