Majalisar dokokin jiha da ayyukan jama'a

Majalisar dokokin jiha ita ce mai yin doka a matakin jiha a ƙasashen da ke bin tsarin tarayya, wato inda aka raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohi, irin su Amurka da Indiya da Najeriya da Jamus da Ostareliya da Burazil. Aikinta kusan ɗaya ne a ko'ina, ta yi doka, ta amince da kasafin kuɗi, ta sa ido kan gwamna ko babban minista da ma'aikatunsa. Mutane sun fi sanin majalisar tarayya don ita ake ta ji a labarai, alhali makarantar firamare da ƙaramin asibiti da ruwan famfo da hanyar da ta shiga ƙauye, yawanci a majalisar jiha ne ake yanke ko za su samu kuɗi ko a bar su haka nan.

Tarihi

A Amurka majalisun jihohi sun girmi majalisar tarayya nesa ba kusa ba. Ta Virginia ta fara zama ne a Jamestown a 1619 lokacin yankin na ƙarƙashin Ingila, kuma har yau ana lissafa ta a matsayin wadda ta fi daɗewa tana aiki a ƙasar. Da aka rubuta tsarin mulki a 1787, aka ƙara masa gyara na 10 a 1791, sai aka ce duk ikon da ba a bai wa tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a, to daga nan ne harkar ilimi da 'yan sanda da ƙananan hukumomi suka zauna a hannun jihohi. Massachusetts ce ta fara dokar tilasta sa yara makaranta a 1852, sauran suka biyo a hankali, wasu sai bayan shekaru da dama.

Wani abu da ya daɗe yana hana mutanen birane a Amurka samun haƙƙinsu shi ne yadda ake raba kujeru, za ka ga gundumar karkara mai mutane kaɗan tana da wakilai daidai da birni mai ɗimbin jama'a, don haka kuɗin tituna da makarantu ya riƙa karkata gefe guda. Kotun ƙoli ce ta kawo ƙarshen wannan a shari'ar Reynolds da Sims a 1964, ta ce dole mazaɓu su yi kusan daidai a yawan jama'a.

A Najeriya asalin abin majalisun yankuna ne da tsarin mulkin Richards ya kawo wajen 1946 zuwa 1947. Arewa ta samu majalisa biyu a Kaduna, ta sarakuna da ta wakilai, kuma ginin Lugard Hall inda suka zauna shi ne majalisar dokokin jihar Kaduna ke amfani da shi yanzu. Juyin mulkin 1966 ya rufe su, an ƙirƙiri jihohi 12 a 1967 amma soja ne ke yin doka da kansu, sai a 1979 jihohi 19 na lokacin suka zaɓi majalisunsu. Indiya kuma tsarin mulkinta na 1950 ya jera ikon jihohi ƙarara, 'yan sanda da lafiyar jama'a da noma da ruwa na cikinsu, ilimi ma da farko nasu ne kafin a mayar da shi na haɗin gwiwa da tarayya a 1976.

Tsari da girma

Jihohin Amurka 49 suna da zaure biyu, Nebraska ce kaɗai mai guda ɗaya tun 1937. Majalisar wakilan New Hampshire mutum 400 ne kuma albashin kowannensu dala 100 a shekara, Texas kuwa sau ɗaya take zaman yau da kullum a shekara biyu, na kwana 140. A Najeriya duk jihohi 36 zaure ɗaya ne, mambobi ba sa gaza 24 ba sa wuce 40. Queensland ta Ostareliya ta rushe majalisarta ta sama a 1922.

Yadda ake fitar da abin da za a sa gaba

Kowace majalisa idan ta buɗe zama akan ji jawabin abubuwan da za ta ba fifiko, ilimi, lafiya, tsaro, samar da aikin yi, kusan jerin ɗaya ne ko'ina. Amma gaskiyar fifiko a kasafin kuɗi yake bayyana. Ɓangaren zartarwa ne ke shirya shi ya kawo, a yi karatu na ɗaya da na biyu, a miƙa wa kwamitoci, kowace ma'aikata ta zo ta kare nata, wani lokaci a kira zaman jin ra'ayin jama'a inda ƙungiyar malamai ko ta ma'aikatan lafiya ko wakilan wani gari za su faɗi bukatarsu, sannan a dawo zaure a amince gwamna ya sa hannu. A ɗakin kwamiti ne ainihin cinikin yake, nan ake rage wa gyaran azuzuwa a ƙara wa titi, ko a cusa wani aiki na mazaɓar shugaban kwamiti, kuma ba kasafai 'yan jarida ke zama a wurin ba.

Sannan kuɗin da za a iya juyawa ba shi da yawa kamar yadda ake zato, don albashi da fansho da biyan bashi sun riga sun cinye babban kaso tun kafin a fara magana. A Amurka kusan duk jihohi doka ta hana su kasafi mai giɓi, Vermont ce aka saba ambata a matsayin wadda ba ta da wannan sharaɗi, shi ya sa da tattalin arziki ya taɓu sai ka ga an rage malamai an rage motocin haya na gwamnati daidai lokacin da talaka ya fi bukatarsu. Shirin Medicaid na 1965 mai biyan kuɗin asibitin marasa ƙarfi, wanda tarayya da jiha ke haɗa kuɗinsa, yana cikin abubuwan da suka fi cin kasafin jihohin. Burazil ta bi wata hanya, tsarin mulkinta na 1988 ya wajabta wa jihohi kashe aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin haraji kan ilimi, daga baya aka sa kashi 12 na lafiya.

Wani abin da ya kamata a lura da shi, sa aiki a kasafi daban sakin kuɗinsa daban. Ana iya rubuta ginin ɗakin haihuwa a kasafi shekara bayan shekara ba a aza ko bulo ɗaya ba, ko a gina shi a yi fenti a yanke ƙyalle amma babu ungozoma babu magani saboda ba a tanadi kuɗin gudanarwa ba. Nan ne aikin sa ido da rahoton mai binciken kuɗi ke da amfani, kuma nan ne majalisu da yawa suka fi rauni musamman inda jam'iyyar gwamna ta mamaye kujeru.

Alaƙa da ƙananan hukumomi

Ƙaramar hukuma ce ke kusa da jama'a, ita ke kwashe shara da kula da kasuwa da ƙananan hanyoyi, sai dai a mafi yawan ƙasashen nan majalisar jiha ce ke tsara mata iyaka. Alƙali John Dillon na jihar Iowa ta Amurka ya faɗi haka a 1868, cewa hukumar gari ba ta da iko sai wanda jiha ta ba ta, ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa. Ostareliya ma tsarin mulkin tarayyarta bai ambaci ƙananan hukumomi ba, an yi ƙuri'ar raba gardama a 1974 da 1988 don a sa su, duka biyun ba su wuce ba. Jamus ta ba su kariya a sashe na 28 na tsarin mulkinta na 1949. Indiya ta yi gyara na 73 da na 74 a 1992, ta wajabta zaɓen majalisun ƙauyuka da birane tare da ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujeru ga mata, wanda gaskiya babban mataki ne ko da yake sakin kuɗi da ma'aikata ya danganta da kowace jiha.

Taƙaddama

A Najeriya kason ƙananan hukumomi 774 ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan su kai tsaye, batun aiwatarwa ya jawo ce-ce-ku-ce. A Amurka dogaro da harajin gidaje wajen ɗaukar nauyin makarantu ya sa unguwar masu kuɗi ta fi ta talakawa samu, kotun ƙoli ta ƙi rushe tsarin a shari'ar Rodriguez a 1973, ƙararrakin suka koma kotunan jihohi. Ayyukan mazaɓa ma ana saɓani a kansu, wasu na ganin su ne hanyar da ƙaramin gari ke samun rabonsa, wasu na cewa gina aiki ba hurumin ɗan majalisa ba ne.