Ba Gwamna Kaɗai Ke Da Ikon Tambayar Ciyaman Ba

An daɗe ana cewa ba mai tuhumar ciyaman kan kuɗin ƙaramar hukuma sai gwamna. Asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanada, shi ne ya shuka wannan tunani, tunda ta hannun jiha kuɗin ke biyowa. Amma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye.

Ko kafin nan ma, kansiloli ne ke amincewa da kasafi, akwai kuma babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi a jiha. Kason kowane wata ana wallafa shi. In famfon unguwarku ya shekara a lalace, kansilan da kuke gaisawa da shi a masallaci shi za ku fara tarewa da wannan adadi.