Kwanson da aka sake cikawa: abin da dokar Nijar ta ce game da haɗa harsashi a gida

Wata magana tana yawo a Maraɗi, daga wayar wannan zuwa ta wancan, har ta kai fadojin shan shayi da rumfunan kasuwa. Wai duk wanda ya gāji tsohuwar bindigar soja daga kakansa, ya samo kwanson harsashin da aka riga aka harba ya sake cika shi, to bai taɓa doka ba, domin bai ƙera komai ba, abin da yake akwai ne kawai ya gyara. Wasu kan ɗora da cewa ai tun ranar da Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, dokar makamai ta bi ta, babu sauran wata takarda da za a tambayi mutum. Masu faɗin haka yawanci ba mugaye ba ne, mutane ne da suka gaji da jin an kore shanu ko an ɗauki mutum a ƙauyukan Gabi da Madarunfa da Gidan Rumji. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta sauya abin da aka rubuta a kundin hukunta laifuffuka, kuma abin da aka rubuta ya saɓa wa wannan magana tun daga tushe.

Tushen ruɗanin ba ɓoyayye ba ne. A intanet akwai hotunan bidiyo masu yawa na mutanen Amurka da Turai suna zaune a ɗakunansu da sikeli da injin matsa kwanso, suna haɗa wa tsofaffin bindigogin yaƙi harsasai, saboda kamfanoni sun daina ƙera irinsu da yawa, wanda ake samu kuma ya yi tsada. A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi daga wanda yake haɗa harsashi domin amfanin kansa, sai in zai mai da abin sana'a ya riƙa sayarwa. A Faransa ma an yarda wa maharba da masu wasan harbi da suke da takardunsu, tare da iyakance yawan albarushin da mutum zai ajiye. Wanda ya kalli irin wannan bidiyo a Maraɗi sai ya ɗauka abin da ya halatta a can ya halatta a nan, alhali kowace ƙasa da kundinta.

Namu kundin shi ne dokar 15 ga Yuli 1961, wadda aka yi wa babban gyara a 2003. Sashe na 299 ya haramta shigo da bindiga, da sayar da ita, da safararta, da ajiye ta, da yawo da ita a duk faɗin ƙasar, sai a inda ƙa'ida ta ba da izini. Da a nan sashen ya tsaya, da masu waccan magana sun sami ƴar kafar da za su laɓe, amma bai tsaya ba. Bayan bindiga ya lissafa ƙwayar dalmar da ke fita daga bakinta, ya lissafa harsashi cikakke, ya lissafa albarushi, har ya ƙara da cewa kowane iri ne, sannan ya haɗa da duk abin da ke fashewa. Wannan jerin shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne mutane ba su karantawa. Doka ba ta jira sai an ga kayan a haɗe kafin ta kira su laifi, kowane ɗaya da kansa take ƙirgawa. Saboda haka mutumin da aka sama da gwangwanin albarushi a ƙarƙashin gado ba tare da izini ba ya shiga sashen, ko da ba a sami bindiga a gidansa ba, ko da kuma bai taɓa cika kwanso ɗaya ba.

Sashe na 300 kuma shi ne ya rufe ƙofar da ake cewa gyara ne kawai. Ya ce hukuncin da ke cikin sashen da ya gabace shi zai hau kan duk wanda ya ƙera, ba tare da izinin hukuma ba, abin fashewa, ko bindigar zamani, ko bindigar gargajiya irin ta toka, ko sassansu, ko harsasai. Kwanson da aka harba tagulla ne kawai, ba ya tashi, ba ya kashe ko tsuntsu. Wanda ya mayar masa da abin kunna wuta, ya zuba masa albarushi, ya ɗora masa dalma, shi ne ya samar da harsashi a inda dā babu, kuma sunan wannan aiki ƙira, ko a masana'anta aka yi shi ko a zauren gida. Tsufan tagullar ba hujja ba ce, kamar yadda maƙerin da ya narka tsohon ƙarfen mota ya fitar da wuƙa ba zai ce bai ƙera wuƙa ba. Sashen bai ware wanda ya yi domin kansa daga wanda ya yi domin sayarwa ba, kuma bai faɗi wani adadi da za a ce ƙasa da shi babu laifi ba.

Hukuncin shi ne ɗaurin shekara 2 zuwa ƙasa da shekara 10, da tarar jika 20 zuwa jika 200 na sefa, tare da ƙwace kayan. Kalmar "ƙasa da shekara 10" tana ba mutane mamaki, har wasu su ɗauka sassauci ne ko kuskuren rubutu. Dalilinta shi ne kundinmu ya raba laifuffuka hawa-hawa, ya sa shekara 10 ta zama iyaka tsakanin matsakaicin laifi da babban laifi. Abin da hukuncinsa bai kai 10 ba matsakaici ne, kotun da ke shari'ar irin su sata da zamba ita ce take sauraronsa. Wannan rabo bai kamata ya kwantar wa kowa da hankali ba, domin wanda aka yanke wa shekara 9 a gidan kaso ba zai ji daɗin cewa laifinsa matsakaici ne ba. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne ƙasan hukuncin, wato shekara 2, domin daga nan alƙali yake fara lissafi. Ɗauri da tara kuma tare aka ambace su, ba a ce mutum ya zaɓi ɗaya ba, don haka masu cewa ai jika 20 ce kawai za ka biya ka koma gida sun karanta rabin layi ne suka bar rabi.

Akwai kuma ɗan gajeren layi da ya ce yunƙurin aikata laifin daidai yake da aikata shi. Wanda aka tare a hanyar Ɗan Isa yana ƙoƙarin shigo da kayan daga tsallaken iyaka ba zai kare kansa da cewa kayan ba su kai gida ba. Sannan idan bincike ya nuna harsasan sun kai hannun ƴan bindiga, magana ta bar waɗannan sassa biyu ta koma kan haɗa baki da masu laifi ko dokokin yaƙi da ta'addanci, inda hukunci ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba.

Maganar CEDEAO ba ta buƙatar dogon bayani. Gaskiya ne akwai yarjejeniyar CEDEAO kan ƙananan makamai da harsasai da aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni 2006, ta fara aiki a 2009, kuma gaskiya ne Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar a Janairun 2024, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Amma kundin 1961 ya girmi CEDEAO kanta da shekara 14, tun da ba a kafa ta ba sai a 1975. Ƙa'idar da ta tsara mallaka da shigowa da cinikin makamai da harsasai ga farar hula ita ma ta 23 ga Afrilu 1963 ce, hukumar tattara haramtattun makamai ta CNCCAI kuma an kafa ta ne a 1994. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ukun da ya rataya da zaman Nijar a wata ƙungiya.

Hujjar da ta fi shiga rai ita ce ta tsufan bindigar. A gidajen tsofaffin sojojin da suka yi wa Faransa yaƙi, da gidajen da suke da dangi a Katsina da Zamfara, akan ji labarin wata bindiga da aka naɗe da tsumma tun kafin a haifi masu gidan na yanzu. Wata MAS-36 ce, ƙirar garin Saint-Étienne da rundunar Faransa ta karɓa a 1936, mai cin harsashi 5. Wata Lebel ce ko Berthier, su ma ƙirar Faransa, wata kuma Lee-Enfield ta Ingila, irin wadda ƴan sandan Nijeriya suka daɗe suna rataye da ita. Masu su kan ce wannan ai kayan tarihi ce, kamar takobin kaka. Sashe na 299 bai tambayi shekarun bindiga ba, ya tambaya ne ko tana harbi da wuta. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001 kan fataucin bindigogi, wadda ta yarda a ware kayan tarihi, ta ce duk wadda aka ƙera bayan 1899 ba ta cikinsu, MAS-36 kuwa ta zo bayan wannan shekara da shekara 37. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ma ta hana farauta da makaman yaƙi da harsasansu, don haka wanda ya ce domin zomo da zabin daji yake cika kwanson bai rage wa kansa laifi ba, wani ya ƙara.

Ya kamata a faɗi wani abu a gefe, ko da ba na doka ba ne. Lebel ta 1886 ita ce bindigar soja ta farko da aka yi domin albarushi mara hayaƙi, kuma Berthier da MAS-36 da Lee-Enfield duk a kan irinsa aka auna su. Wannan albarushi daban yake da baƙin da maharbanmu suka sani, ƙarfinsa ya fi, kuma kuskure ɗan kaɗan wajen awo yana iya tarwatsa bindiga a fuskar mai harbi, balle ƙarfen da ya shekara 80 yana shan tsatsa a cikin rumbu. Turawan da ake kallo a bidiyo da littattafan awo na kamfanoni suke aiki, kuma duk da haka akan sami wanda ya rasa yatsa ko ido.

Su kuwa maharba da maƙeran gargajiya, tsoron da ya kama su yana da tushe, amma an zuzuta shi. Bindigar toka ba ta fita daga doka ba, sashe na 300 ma ya ambace ta da sunanta. Sai dai kalmar da ke cikin sassan biyu ita ce izini, ba a ce an rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Dokar 1998 ta san da farautar gargajiya, ta tanadar mata lasisinta a hannun ma'aikatan gandun daji. Abin da ake yawan rikitawa shi ne lasisin farauta daban, izinin riƙe bindiga daban, na biyun kuma a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida yake. Sojoji da jandarmomi da ƴan sanda da sauran jami'an tsaro ƙa'idojin aikinsu ne suke tafiyar da makamansu, kuma wannan bai shafi wanda ya yi ritaya ba, balle magadansa.

Ba a buƙatar zama lauya kafin a ga inda dokar take da tsauri fiye da kima. Ma'auni ɗaya ta ɗora wa dattijon da ya ajiye albarushin biki da ɗan fataucin da ya cika buhu da harsasai, ta bar wa alƙali shi kaɗai aikin bambance su tsakanin shekara 2 da 10. Tarar jika 200 tana iya karya manomi, amma ga wanda yake cin kuɗin fansa ba ta kai kuɗin man babur ba. Hanyar neman izini kuma doguwa ce, ta fi sauƙi ga ɗan kasuwar da ya saba da ofisoshin Yamai fiye da mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a bakin dajin Baban Rafi, alhali shi ne ya fi jin yana buƙata. Duk da haka ina ganin wanda ya rubuta jerin nan na dalma da harsashi da albarushi ya san abin da yake yi. Bindiga takan shekara hamsin tana nan, harsashi kuwa da an harba shi ya ƙare, shi ya sa ƴan bindiga suka fi matsuwa da neman harsashi fiye da neman bindiga. Ranar da aka san akwai mai iya cika kwanso a wani ƙauye, ba maƙwabtansa kaɗai ne za su zo masa ba, kuma waɗanda za su zo daga daji ba sa karɓar a'a.

Wanda yake da irin wannan bindiga ta gādo ko ragowar harsasanta, ya lura cewa safara ita ma tana cikin jerin abubuwan da sashe na 299 ya hana. Kada ya naɗe ta ya hau kabu-kabu da nufin kai ta ga hukuma, domin in an tare shi a shinge babu abin da zai nuna niyyarsa. Ya fara zuwa hannu sake, ya shaida wa mai gari ko mai unguwa, su je tare wajen jandarmomi ko ƴan sanda mafi kusa, a bar jami'ai su zo su ɗauka da kansu, ya kuma nemi a ba shi takardar shaidar abin da aka karɓa, da lambar da ke jikin bindigar da adadin harsasan. Tsofaffin harsasan da suka yi kore ko suka kumbura kada a buɗe su, kada kuma a jefa su a wuta ko a rijiya, a bar su inda suke nesa da yara har masu ɗauka su iso.